Shi Ne Maigidansu

Faransancina na tasha ne. Ban taɓa zama a bencin lakwal, wato makarantar boko, ba, a bakin fasinja da jandarmomin hanya na tsince shi, kuma na yi taƙama da shi fiye da ƙima. A shekarun da nake jan Fijo mai tanti tsakanin Parakou da Djougou, in aka tsayar da mu a shinge ni sauran direbobi suke turawa gaba. "Maazou, je ka yi musu yaren." Sai in gyara hula in tafi ina baza kafaɗa. Wannan taƙamar ce ta cinye wani tsoho da bai taɓa yi mini komai ba sai alheri. Yau zan faɗi yadda aka yi, tunda waɗanda nake jin kunyarsu duk sun riga ni gidan gaskiya.

Tsohon sunansa Baba Mounkaila. Gidansa yana Pansa, wani ƙauye a kan dutse bayan Djougou, can inda ƙasa take fara tashi. Mota ba ta hawa. A gindin wata tsamiya ake ajiye ta, a yi tafiyar awa guda a ƙafa, ana dafa duwatsu ana haki. Babana, Iliassou, bafatake ne. Shekara talatin yana hawa dutsen nan da gishiri da kanwa, ya sauko da man kaɗe da doya, kuma bai taɓa kwana a wani gida ba sai gidan Baba Mounkaila. Sunan ma babana ne ya sa masa, don na yarensu ya gagari harshenmu. Shi kuwa tsohon ya iya Hausa tas, irin ta fatake.

A bakin fatake, wanda ka sauka a gidansa shi ne maigidanka, ko da ka fi shi dukiya sau goma. Shi zai ba ka ɗaki, ya ciyar da kai, ya nuna maka mutumin kirki da na banza. In ka ja rigima a garin, shi za a kira. Haka na ji babana yana kiransa, Maigida, haka ni ma na tashi ina kiransa. Shi kuma ya ce mini "ɗan baƙona", ko bayan na yi furfurar farko.

Yana da dokoki biyu da ba ya wasa da su. Ba ya tambayar baƙo ranar tafiyarsa. Kuma duk baƙon da zai tafi sai ya raka shi da ƙafarsa har gindin tsamiya, ko ana ruwa ko ana rana. A Pansa, baƙon da ya sauko shi kaɗai an gama da shi ke nan, ma'anarsa kar ya dawo. Sau ɗaya aka taɓa yin haka, ga wani mai sayen shanu da ya riƙe hannun matar mutane, kuma har lokacin ana labarinsa.

Harkar Nasaru ta faro ne a shekarar saba'in da huɗu. Abokina Saidou, wanda ke karɓar baƙi a wani otal a Parakou, ya haɗa ni da wani malamin makaranta Bafaranshe da matarsa. Wai sun gaji da gadon otal, suna son su kwana inda mutane suke kwana. Na ce a raina, Allah ɗaya gari bamban, mutum ya bar katifa da fanka ya nemi tabarma. Na kai su Pansa. Baba Mounkaila ya share ɗakin da babana yake sauka, aka daka musu sakwara, suka ƙona yatsu suna dariya. Da safe ya hau da su kogunan da kakannin mutanen Pansa suke ɓuya in mahaya sun zo kamun bayi, ya nuna musu rumbunan laka da wurin da ake yi wa matasa bikin girma. Matar nan har kuka ta yi a gindin tsamiya da za su rabu.

Daga nan sai labari ya bi bakin Nasaru. Kafin shekara ta zagayo, da wuya wata ya wuce ban hau da mutum biyu ko uku ba. Baba Mounkaila ya ƙi ya cinye abin shi kaɗai. Ya tara dattawa, aka ware gida biyar da za su riƙa karɓar baƙi bi da bi, aka ce duk abin da baƙo ya bari a haɗa shi wuri guda a haƙa rijiya, don matan Pansa sai sun sauka har rafi suke samun ruwa. Amma ko a wane gida baƙo ya kwana, tsohon ne ke tarbarsa, shi ke raka shi. Ni kuwa na zama wani abu. A kasuwar Arzèkè ta Parakou har ana nuna ni, wai ga direban Nasaru.

Zamanin juyin juya hali ne. Kowa kamarad, har limamin unguwarmu ta Ganou an taɓa ce masa kamarad a gaban masallaci, ya yi kamar bai ji ba. Ban damu da siyasa ba. Duk tafiya ina tsayawa a Djougou a buga wa baƙina hatimi a takarda, in ɗaga hannu in maimaita taken da ake so, in wuce abina.

A farkon saba'in da bakwai na hau da wasu maza biyu masu neman tsuntsaye. Kowanne da madubin hangen nesa a wuya, ga taswira suna ta zane a kanta. Kwana huɗu suka yi suna bin duwatsu, tsohon yana gaba da sandarsa. Ranar Alhamis na sauke su a tashar jirgin ƙasa a Parakou. Ranar Lahadi da safe rediyo ta fara ihu: sojojin haya, Nasaru a cikinsu, sun sauka da jirgi a Kwatano, inda gwamnati take, suna harbi. Daga ranar aka shiga farautar duk wanda ya taɓa gaisawa da farar fata.

Bayan mako guda aka tsayar da ni a shingen Partago, aka sauke fasinjana, aka ce in bi wata jif zuwa Djougou. Ofishin ɗaki ɗaya ne, da tebur da keken rubutu. Mutumin da ke bayan teburin ɗan kudu ne, siriri, mai tabarau, ba ya jin Hausa ba ya jin Dendi. Ya yi mini magana da ladabi. Ya ce akwai tafinta a waje, in ina so a kira shi.

Nan ne Shaiɗan ya hura mini kunne. Ni Maazou, a kira mini tafinta? Na gyara zama na ce, "Je parle français, camarade."

Ya tambaye ni labarin masu neman tsuntsayen nan, na faɗa masa komai, ban ɓoye ko tari ba, don ba ni da abin ɓoyewa. Yana buga keken a hankali da yatsa biyu. Can ya ce, tsohon nan na kan dutse, mene ne shi a wurina?

Amsar a cikin kaina a shirye take: maigidana ne. Kuma a tasha, kowane direba ya san maigida shi ne patron. Mai motar da kake ja, patron. Ban ko yi tunani ba.

"C'est mon patron."

"Su Nasarun fa?"

"C'est leur patron aussi," na ce. Shi ne maigidansu su ma. Na ƙara da cewa duk Nasaran da ya hau dutsen nan, tsohon ne patron ɗinsa.

Keken ya tsaya. Mutumin ya cire tabarau ya goge da gefen riga.

"Shi yake ba su umarni?"

"Ƙwarai. Shi ke cewa ku bi nan, kar ku bi can, ku shiga kogon nan, wancan ba a shiga. Ba sa ɗaga ƙafa sai da izininsa."

"Tun yaushe?"

"Shekara uku ke nan. Amma aikin tun zamanin babana yake yinsa."

Ina faɗa ina jin daɗi, wallahi. A zatona yabon tsohon nake yi, ina nuna wa hukuma cewa baƙinmu ba sakaka suke yawo ba, akwai dattijon da ke riƙe da su. Mutumin ya miƙo mini taba, ya ce juyin juya hali yana godiya. Ya juyo takardar, na zana sa hannuna mai lanƙwasa uku da na koya don burga. Da na koma Ganou na zauna na ba matata Housseina labarin yadda na yi Faransanci awa guda ba tafinta. Ta ce, "Sannu da ƙoƙari, Maigida," ta zubo mini tuwo.

Kwana huɗu bayan haka, a kasuwar Djougou, wata mai sayar da man kaɗe 'yar Pansa ta riƙe ƙofar motata tana kuka. Sojoji shida sun ajiye jif a gindin tsamiya sun hau. Baba Mounkaila ya ga mutane sun taho suna haki, sai ya sa aka shimfiɗa tabarma aka kawo ruwa. Suka sha ruwan kuwa. Sannan suka ce ya tashi. Ya ɗauki sandarsa ya yi gaba suna bin sa, har yara suka ɗauka rakiya ce.

Ban gane ba tukuna. Na je wurin Saidou ina zagin munafukai masu kai ƙarar bayin Allah. Saidou ya yi lakwal har ya ci jarrabawa, sai ya ce in maimaita masa abin da na faɗa a ofis, kalma da kalma. Da na kai kan patron sai ya dafe kai da hannu biyu.

"Logeur, Maazou! Mai masauki logeur ake cewa. Wa ya koya maka patron?"

"To ba maigida ba ne?"

"Maigidan mota ne patron. Wanda ya ɗauki mutum aiki, yake tura shi. Ka je ka gaya wa hukuma, a cikin wannan satin, cewa tsohon nan shi ne ya ɗauki Nasaru aiki, shi ke nuna musu koguna, shekara uku. Kuma ka sa hannu."

Na zauna a kan wani akwatin kwalabe a bayan otal ɗin.

Washegari da sassafe ina ƙofar ofishin. Mai tabarau ya saurare ni har na gama, ina ta logeur, logeur, kamar mai koyon karatu. Ya ce takardar ta riga ta tafi Kwatano.

"Amma akwai gyara, kamarad. Ko dai ran nan ka yi wa juyin juya hali ƙarya, ko yau kake yi. In ka ce ran nan ne, shi ke nan, in rubuta. Sai dai tambaya za ta taso: in ba tsohon ne patron ɗinsu ba, to wane ne? Wa ya ɗauko su daga Parakou? A motar wa suka zo?"

Ya zaro farar takarda, ya sa a keken, ya murɗa. Ya ɗora yatsunsa biyu yana jirana.

Na dubi takardar nan. Ina da 'ya'ya huɗu, Housseina tana da ciki wata shida. Na ji labarin abin da ake yi wa waɗanda aka kama a satin. Zan so in ce na yi dogon tunani, amma ƙarya ne, ko minti ɗaya ban yi ba. Na ce, "Gaisuwa na zo yi, kamarad." Ya yi murmushi ya zare takardar ya mayar cikin aljihun tebur. Tsoro ne, ba shi da wani suna, kuma tun daga ranar ban ƙara ganin kaina da daraja ba.

An kawo tsohon Parakou aka tsare shi a wani sansani a bayan gari. Bayan mako biyu, da la'asar, na dawo daga aiki na tarar da mace a zaurena da ƙunshin kaya da tukunyar man kaɗe. Mariatou ce, 'yarsa, bazawara, wadda ta sha daka mana sakwara a Pansa.

"Yaya Maazou, Baba ya aiko a gaya mini in na zo Parakou kar in sauka ko'ina sai gidanka."

Housseina ta rungume ta, ta ba ta ɗakin da ke kusa da rijiya. Ka ga yadda Allah yake al'amarinsa: ni na zama maigidanta.

Wata goma sha tara ta yi a gidana. Kullum da hantsi za ta ɗauki kwanon abinci a ka ta tafi sansanin a ƙafa. Akwai wani mai gadi mutumin wajen Djougou da yake shigar da kwanon, wani lokaci ya bar ta ta ga uban ta bayan waya. In ta dawo sai ta zauna a tsakar gida ta ba mu labari, ni kuwa dole in zauna in ji.

"Yau ma sun kira shi. Tafinta ya ce, 'Kai ne maigidan Nasarun nan?' Ya ce, 'Ni ne.' Sai suka hau shi da duka."

Tafintan Bahaushe ne kamar ni. An ba shi patron, ya mayar da ita maigida, tsohon kuma ya amsa gaskiyarsa. Kalmar da na jefa ta zagayo ta dawo daidai inda ta fito, ba wanda ya lura. Na ce wa Mariatou ta gaya masa ya ce shi logeur ne, na koya mata kalmar har ta iya. Ta kai saƙon. Da ya faɗa, wai dariya suka yi, suka ce ga shi ashe yana jin Faransanci, da yake ɓoyewa. Ranar saboda duka sai da aka ɗauko shi zuwa ɗaki.

Wata rana ta dawo ta ajiye kwanon bai taɓu ba.

"Sun ce masa abu ɗaya suke so. Ya ce direban da ke kawo su shi ya san komai, shi tsoho an yaudare shi ne. In ya faɗi haka gobe zai kwana a Pansa."

Housseina ta riƙe baki. Ni na ce, da muryar da ban gane tawa ce ba, "Me ya ce?"

"Ya ce Maazou baƙonsa ne, ɗan baƙonsa. Ya ce shi tunda yake bai taɓa miƙa baƙo ba." Ta share ido da bakin zane. "Yaya, kai kana jin yarensu, kana shiga ofis-ofis. Don Allah ka bincika mana wanda ya kai ƙarar nan. Ni dai in san sunansa kawai."

Na ce zan bincika.

Ita zarginta yana kan wani maƙwabcinsu, ɗaya daga cikin gida biyar ɗin, wanda ya taɓa ƙorafin cewa baƙi sun fi son gidan tsohon. Ta faɗa wa masu zuwa kasuwa, magana ta hau dutse. Na ji an daina gaisawa tsakanin gidajen, an fasa wani aure, an sare wa mutumin gonar dawa. Ina ji ina gani, na yi shiru.

Sau uku na tuƙa mota ba fasinja har ƙofar ofishin Djougou. Na farko na wuce kamar mai neman hanya. Na biyu na fito har na taka matakala, sai na ji ƙarar keken rubutu, na juya. Na uku na zauna a ƙarƙashin bishiyar da ke tsallaken titi ina ɓare gyaɗa har aka rufe ofishin. A gida kuwa na zama masifaffe. Wata safiya Housseina ta ce, "Maigida, ga koko," sai na ture kwanon na ce kar ta ƙara kirana haka. Baiwar Allah ta tsaya tana kallona, shekara goma sha biyu da aure ba ta san wani sunan da za ta kira ni da shi ba.

A daminar saba'in da takwas suka sake shi. Ba don an gane gaskiya ba. Ƙafafunsa ne suka kumbura, tari ya kama shi, ba sa son ya mutu a hannunsu. Da na gan shi a bakin ƙofar sansanin, Mariatou tana riƙe da shi, ban gane shi ba sai da ya ɗago ido. Mutumin da yake hawa Pansa yana barin samari a baya, ga shi ana jan sa taku ɗaya-ɗaya. Ya dube ni ya ce, "Ɗan baƙona, ka rame."

Na shimfiɗa masa bargo a gaba kusa da ni. Hanya duk yana kallon gonakin doya. A shingen Partago jandarma ya leƙo ya nuna shi da haɓa, ya ce wannan tsohon wane ne. Na buɗe baki, ba abin da ya fito, ko Hausa ko Faransanci. Mariatou ce ta amsa daga baya, "Babana ne."

A gindin tsamiya maza huɗu suna jira da ƙyauren ƙofa. A kai suka ɗora shi suka hau. Ina biye ina ganin abin da ya rage. Rijiyar ta tsaya a gaba uku, an rufe bakinta da ƙaya, kwaɗi na kuka a ciki. Mata suna hawowa daga rafi da tuluna kamar da. Ɗakunan baƙi na gidaje huɗu an yaye jinkarsu tun shekarar da aka kama shi, don kar wani ya ce suna jiran Nasara. Na gidansa kaɗai ke da rufi, shi ma awaki ne a ciki. Ba wanda ya ce mini sannu da zuwa. Yaran da a da suke rige-rigen ɗaukar jakata suna leƙe daga bayan rumbu.

Aka jingina shi da bango a tsakar gida, kusa da zaure. Jama'a suka yi gaisuwa suka watse. Mariatou ta shiga kicin. Rana ta fara yin sanyi, muka rage ni da shi. Ya ɗaga murya da ƙyar ya ce a kawo wa baƙo ruwa. Da aka ajiye ƙwaryar a gabana na kasa ɗauka.

"Baba, ni ne," na ce. "Ni na ce kai ne patron ɗinsu. Maigida nake nufi, wallahi maigida nake nufi. Ni ne na sa hannu."

Bai ko motsa ba.

"Na sani. Ranar farko suka karanta mini takardar, har da sunanka. Sun nuna mini zanen hannunka."

"Ka sani? Wata goma sha tara?"

"Ai ba ƙarya ka yi ba. Ni ne maigidansu. Harshen Nasara ne ya zame maka, harshe kuwa yana zame wa kowa." Ya yi tari mai tsawo. "Wannan ban riƙe ka da shi ba. Amma mai tabarau ya zo Parakou da kansa, ya ce ka koma wurinsa. Ya ce ya sa maka farar takarda, ka ce gaisuwa ka je yi. Ya faɗa mini ne don in ji haushi in miƙa ka."

Na sunkuyar da kai. Na so ya zage ni, ya ɗauki sandar nan ya rafka mini. Bai yi ba.

"Me ya sa ba ka gaya wa Mariatou ba?"

Ya dube ni kamar na yi tambayar yara.

"In na gaya mata, ina za ta sauka? Wa ta sani a Parakou?"

Sai na ji ƙarar muciya ta faɗi. Mariatou tana tsaye a ƙofar kicin. Ban san tun yaushe take wurin ba. Ba ta yi kuka ba. Ta dube ni, ta dubi ƙwaryar ruwan da ke gabana, ta koma ciki.

"Maigida, ka yafe mini," na ce.

"Kar ka ƙara kirana haka. Na gama da wannan sunan, ya tsaya a can." Ya rufe ido. Can ya buɗe ya ce, "Yaushe za ka koma?"

Shekara arba'in muna sauka a gidan nan, ni da ubana, ba a taɓa yi wa ɗayanmu wannan tambayar ba. Na ce yanzu. Na miƙe. Sai na ga ya laluba sandarsa, ya dafa bango yana ƙoƙarin tashi. Jikinsa ne ya saba, baƙo ya miƙe shi ma ya miƙe. Ya yi taku biyu, ƙafafun suka ƙi, ya zame ya zauna a bakin zaure yana numfashi.

"Mariatou," ya kira. "Baƙo zai tafi."

Ya sake ɗaga murya.

"Mariatou."

Daga kicin ba abin da ke fitowa sai hayaƙi. Ya jira kaɗan, sannan ya ajiye sandar a gefensa.

"Iyakata nan," ya ce.

Na sauko ni kaɗai. Matan da ke hawowa da ruwa suka ratse gefe suna kallona, suna kallon bayana, babu kowa. Duk sun san ma'anarsa. Da na kai gindin tsamiya ban shiga mota ba. Na zauna a kan saiwar da yake tsayawa ya ɗaga mana hannu, ina kallon hanyar dutse, wai ko zai turo wani, ko jika ko maƙwabci, ya zo ya ce Baba ya ce a sauka lafiya. Na zauna har inuwar dutsen ta rufe motar. Ba wanda ya sauko.

Kafin a cire doyar shekarar ya rasu. A kasuwar Djougou na ji, bayan kwana tara, a bakin mutanen da ba da ni suke magana ba.